Baranda: Ma'anar Kalma da Asalinta

Duk wanda ya ratsa manyan titunan birnin Faris ya ɗaga kai, zai ga wani siririn dandamali ya fito daga jikin bango a hawa na biyu da na biyar na yawancin gidaje, an kewaye shi da shingen ƙarfe. Faransawa suna kiransa balcon, Ingilishi kuma suna cewa balcony. Bahaushe yakan ce baranda. Sai dai kalmar Hausa da waɗancan biyun ba tushensu ɗaya ba.

Faransanci da Ingilishi duka sun aro kalmarsu ce daga balcone ta Italiyanci. Ita kuma masana sun danganta ta da wata tsohuwar kalmar Jamusanci, balko, wadda take nufin gungumen itace na gini, kwatankwacin azara a ginin Hausa. Dalilin sunan a fili yake: a da, kan irin waɗannan itatuwa da suka leƙo daga bango ake shimfiɗa dandamalin. Ke nan sunan abin da ya tallafi ginin ne ya zama sunan ginin.

Kalmar ta kafu a Faransanci a ƙarni na 16, lokacin da fasahar ginin Italiya take tashe a Faransa. Birnin Liyon yana cikin manyan ƙofofin da wannan fasaha ta biyo. A shekarar 1463 Sarki Louis na 11 ya ba birnin izinin cin babbar kasuwa sau huɗu a shekara, sai fatake da masu banki na Italiya suka yi ta kwararowa suna gina gidaje irin na ƙasarsu. A 1536 magini Philibert de l'Orme, bayan dawowarsa daga Rum, ya gina wata rufaffiyar hanya ta sama a tsakar wani gida da ke titin Juiverie, tana nan har yau. A Faris kuwa, dogayen barandar da ake gani sun yawaita ne tsakanin 1853 da 1870, sa'ad da Haussmann ya sake fasalin birnin bisa umarnin Napoleon na 3. Masu hali sun fi son hawa na biyu, domin ya yi nesa da hayaniyar titi, kuma matakalarsa ba ta gajiyarwa.

Ita baranda ta Hausa wata hanya ta biyo. Daga veranda ta Ingilishi aka aro ta. Ingilishi sun samo ta a Indiya a farkon ƙarni na 18, kuma masana da yawa suna ganin asalinta varanda ce ta harshen Fotugal. Da yake Hausa ba ta da sautin v, sai b ta maye gurbinsa, kamar yadda ya faru a direba da bidiyo.

Abin lura ga ɗalibi shi ne, kalma ɗaya ce a Hausa take ɗauke da abubuwa biyu da Faransanci ya rarrabe: rumfar da ke gaban ɗaki a ƙasa, da kuma dandamalin da ke maƙale a jikin bene. Idan ana gudun ruɗani, sai a ce barandar bene ko barandar sama. Kalmar tamace ce, shi ya sa ake cewa barandar gidan tana da faɗi.

Tambayoyi

1. Mene ne ma'anar balko, kuma da wace kalmar Hausa aka kwatanta ta?
2. Me ya jawo fataken Italiya zuwa Liyon?
3. Kawo wata kalmar aro wadda b ta maye gurbin v a cikinta.
4. Gina jimla biyu da barandar bene.