Yaushe ake fara yi wa ɗan mage maganin ƙuma da kaska?

'Yan uwa, an turo mini wannan tambayar, kuma ban raina ta ba. Ai mun san hadisin Bukhari da Muslim kan matar da ta shiga wuta saboda mage.

Yawancin maganin da ake ɗigawa a ƙeya sai ɗan mage ya kai sati 8, nauyinsa kamar kilo 1. Kafin nan, a tsefe ƙuma da matsefi, a cire kaska da hantsaki, a wanke shimfiɗarsa. Don Allah ban da fiya-fiya, ban da kalanzir! Maganin kare mai permethrin kuwa yana kashe mage.

In ka ga dasashinsa ya yi fari, jini ne ya yi ƙasa, maza sai wajen likitan dabbobi.