Darasin Lambu: Mu Dasa Lalle a Bakin Darni

Darasinmu na wannan wata a kan lalle ne.

Kowace shekara muna kafa darnin kara, gara ta ci, iskar bazara ta kayar, awaki su shiga lambu su cinye alayyafo. Lalle kuwa in ya kama ƙasa yakan yi shekaru masu yawa, kuma in ya manyanta rassansa sukan yi tsini kamar ƙaya. Furensa ƙanana ne, farare, masu ƙamshi. Wanda ya buɗe Waƙar Waƙoƙi sura 1 aya 14 zai ga an ambaci furen lalle a gonakin inabi na En-gedi. Saboda haka masu cewa lalle ba na gidan mai bi ba ne, muna roƙo su sake dubawa.

Dasawa ba wuya. In damina ta zauna, a yanko reshe mai ƙwari, kaurin yatsa, tsawon kamu ɗaya, a binne rabinsa, a bar kamu ɗaya tsakani. Mai son shuka iri sai ya jiƙa shi kwana 3 zuwa 7 yana sauya ruwa kullum, gama ɓawonsa da tauri. A shekarar fari a kewaye shi da ƙaya, a riƙa zuba masa ruwa da rani. In ya kaɗe ganye da hunturu kada a tumɓuke shi, bai mutu ba.

Ganyen da za a kai kasuwar Tsamiya ko Lolo, a shanya shi a inuwa. Rana takan ƙone launinsa, mai saye kuwa kore yake nema. Zumuntar Mata za ta iya tara nata wuri ɗaya, a daka, a tankaɗe, a sayar tare.

Abu biyu muke jan kunne a kai. Lalle na gaskiya ja yake kamawa. Baƙin da ake haɗawa da rinin gashi yana iya sa fata ta kumbura ta yi ƙuraje, har ta bar tabo. Kuma kada a ƙunsa wa jarirai lalle ko kaɗan. Akwai yaran da aka haifa da wani lahani na gado a jini, wanda lalle kan sa jininsu ya lalace, idanu su yi rawaya. In an ga haka, a kai yaro asibiti a ranar.