Ku San Baƙin Tsuntsayen Kaka

Jama'a, ga kaka ta ƙarato. Gero ya shiga rumbu a wurare da yawa, dawa da maiwa suna ƙosawa, shinkafar fadama kuwa ta fid da kai. To, a wannan lokaci ne sararin sama yake cika da tsuntsaye, waɗansu suna tafiya, waɗansu suna isowa. Manomi da yawa ba ya kula da su sai ran da suka sauka a gonarsa, sa'an nan ya ɗauki majajjawa ya yi ta jifa, bai san wanda ya zo yi masa aiki ba, bai san wanda ya zo yi masa sata ba. Saboda haka yau za mu yi magana a kan lokacin da ya fi kyau a duba tsuntsaye, da kuma amfanin da manomi zai samu in ya san su.

Masu tafiya da masu zuwa

Kowa ya san shamuwa. Ita ce takan zo gab da faɗuwar damina, ta yi sheƙa a kan tsamiya ko kuka a tsakiyar gari, ta yi ƙwai ta ƙyanƙyashe. Kadan ruwa ya ɗauke, wajen Oktoba zuwa Nuwamba, sai ku ga sun taru tuli suna kewaya a sama, kwana kaɗan kuma babu ko ɗaya. Kudu suke yi, su ƙetare tsakiyar Afirka, su tafi ƙasashen gabas da kudancin Afirka, inda a lokacin ne damina take sauka. Watau shamuwa ruwa take bi, domin inda ruwa yake nan fara da tsutsa suke.

Sa'ad da shamuwa take haramar tafiya, a lokacin ne baƙin arewa suke isowa. Waɗannan a Turai da ƙasar Rasha suke yin sheƙa. Da sanyi ya fara shiga can, ƙwari suka ɓace, ruwa ya kusa daskarewa, sai su taso. Su ƙetare Bahar Rum, su ƙetare Hamada, wadda faɗinta ya kai mil 1,000 ko fiye, ba ruwa ba abinci. Ƙananan cikinsu da dare suke tafiya. Kafin su taso sukan ci su yi kitse, har wani yakan kusa ninka nauyinsa, kitsen nan shi ne guzurinsa. Masana sun ƙiyasta ƙananan tsuntsayen da suke shigowa Afirka daga Turai kowace kaka sun kai wajen miliyan dubu 2.

Yaya aka yi aka sani?

A da mutanen Turai ba su san inda tsuntsayensu suke zuwa ba. Har akwai masu cewa tsattsewa cikin taɓon tafki take shiga ta kwanta sai sanyi ya wuce. A cikin 1822 aka harbo wata farar shamuwa a arewacin Jamus, aka tarar da wata doguwar kibiya irin ta mutanen Afirka soke a wuyanta. Ashe da ita ta yi tafiyar nan duka. Har yanzu tana ajiye a jami'ar Rostock. Daga baya, a 1899, wani malamin makaranta na ƙasar Denmark mai suna Mortensen ya fara sa wa tsuntsaye zobe mai lamba a ƙafa, don a gane inda suka je. Cikin shekarun 1960 kuma an yi irin wannan aiki a nan ƙasarmu, a Malam Fatori ta bakin Tafkin Chadi, inda aka riƙa kama baƙin tsuntsaye ana auna kitsen da suka tara kafin su koma.

Lokacin da ya fi kyau

Mai son ya ga masu wucewa, to, daga Satumba zuwa ƙarshen Oktoba ne lokacinsa. A watannin nan ne yakan ga tsuntsun da bai taɓa gani ba a kan gawo ko farar ƙaya, ya kwana biyu ya wuce kudu. Mai son ya ga na ruwa kuwa, sai ya jira Nuwamba zuwa Fabrairu, sa'ad da ruwan fadama ya fara janyewa, tsuntsaye suka haɗu wuri ɗaya. Don haka ne ma'aikata suke ƙidayar tsuntsayen ruwa a tsakiyar Janairu. Daga Maris zuwa Afrilu kuma baƙin sai su juya arewa.

A cikin yini, Hausawa sun ce da sanyin safiya ake kamun fara. Haka tsuntsu. Daga fitowar rana zuwa hantsi ne yake kiwo, sa'an nan kuma daga la'asar zuwa magariba. Da tsakar rana yana cikin inuwa, ba za ka ga kome ba. Ka ba rana baya, ka zauna shiru a gindin itace, kada ka sa farar riga fat. Wuraren da suka fi tara su a ƙasarmu su ne fadamun Haɗeja da Nguru, da Dagona ta jihar Yobe inda aka keɓe musu wuri, da bakin Tafkin Chadi, da fadamar Rima a Sakkwato. Amma ko kududdufin bayan gari ba ya rasa baƙo.

Abokan manomi

1. Shamuwa, da farar shamuwar Turai mai jan baki da jan ƙafa. Abincinsu fara ne da tsutsa. Inda suka sauka tuli a gona, ka duba da kyau, akwai ƙwaro a wurin.

2. Tsattsewar Turai, mai jan maƙogwaro da wutsiya mai reshe biyu dogaye. A sama take kama ƙananan ƙwari, ba ruwanta da hatsi.

3. Wani ɗan tsuntsu mai rawayan ciki da yake bin ƙafafun shanu yana kaɗa wutsiya sama da ƙasa. Ƙudaje da ƙwarin da shanu suka tayar yake ci.

4. Wani shaho siriri mai ruwan toka, wanda yake tashi ƙasa-ƙasa a kan gonaki yana lilo. Daga Turai yake zuwa, kuma a ƙasashenmu fara ce mafi yawan abincinsa. Bai kamata a ɗauke shi kamar shirwa mai ɗaukar 'yan tsaki ba.

Ku tuna, farar da ta tsira da kaka ita ce take zuba ƙwai cikin ƙasa, su kwana nan duk rani, su ƙyanƙyashe da ruwan farko su cinye shuka. Kowace farar da tsuntsu ya ci yanzu, an rage wa manomi wahalar baɗi.

Mai ɓarna

Babban ɓarawon hatsi ba baƙon Turai ba ne, ɗan gida ne, watau janbaki. Abincinsa na asali 'ya'yan ciyawa ne, amma kadan ya rasa, ko ya tarar da hatsi ya yi madara, sai ya auka wa gero da dawa da shinkafa da alkama. Guda ɗaya ba ya cin abin kirki, amma da yake dubu-dubu suke zuwa kamar hayaƙi, sukan gama da gona kafin hantsi. Ga abin da ya kamata a yi:

Da fari, ku kula da inda suke kwana. Kullum magariba sukan nufi wuri ɗaya, cikin ƙaya ko ciyawar bakin ruwa. Wanda ya gane wurin sai ya gaya wa mai unguwa da malamin gona tun da wuri.

Na biyu, a yi tsaro da sassafe da la'asar, tun daga ran da hatsi ya yi madara har ya bushe. A kafa rumfa mai tsawo, a ja igiya a rataya gwangwanaye. Mutum-mutumi shi kaɗai ba ya isa, domin kwana kaɗan tsuntsu ya saba da shi, sai a riƙa canja masa wuri.

Na uku, mutanen fadama ɗaya su yi shuka lokaci ɗaya. Gonar da ta riga kowa nuna, ko wadda ta yi baya, ita ce kan sha wuya. A cire ciyawa, gama 'ya'yanta ne suke fara jawo su. Hatsi kuwa da ya nuna a yanke, kada a bar shi tsaye.

Amma kada wanda ya zuba guba a hatsi ko a ruwa. Guba ba ta zaɓe. Za ta kashe balbela da shamuwa da zabin gida, yaro kuma ya tsinci mushe ya gasa.

Kaji da agwagin daji

Masu kiwon kaji su yi hattara. Agwagin ruwa na daji sukan ɗauki murar tsuntsaye ba tare da sun nuna alama ba. Cutar nan ta ɓulla a jihar Kaduna cikin Fabrairu 2006, ta yi ɓarna mai yawa. Kada a bar kaji da agwagin gida su yi kiwo a bakin tafkin da na daji suke sauka. Kada a taɓa tsuntsun da aka tsinta matacce, a sanar da malamin dabbobi.

Abin da ya haɗa mu da su

Fari ba ya bambanta mutum da tsuntsu. Bayan ƙarancin ruwan 1968 a ƙasashenmu, mutanen Ingila suka ga wani ɗan tsuntsunsu mai farin maƙogwaro ya ragu da wajen kashi uku cikin huɗu a 1969. A nan ya mutu, ko a hanya. Haka kuma tun da aka gama madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ambaliyar da take shiga fadamun Haɗeja da Nguru ta ragu, abin ya taɓa mai shinkafa da masunci da makiyayi da tsuntsu gaba ɗaya. Wanda ya bar gawo a gonarsa ya sami taki da abincin dabbobi, baƙo kuma ya sami masauki.

Daga ƙarshe, muna ba kowane mai gida shawara ya sa yaronsa ɗan makaranta ya riƙa rubuta ranar da shamuwa ta zo da ranar da ta tafi, da ranar da aka fara ganin janbaki. Bayan shekara uku ko huɗu za ku ga kun san lokacin da za ku kafa rumfar tsaro tun ɓarawo bai iso ba. Wanda kuma ya sami tsuntsu da zobe a ƙafa, ya rubuta lambar da ranar da wurin, ya kai wa ma'aikatan daji.

Allah ya ba mu kaka mai albarka, amin.