Ƙugin kuran a cikin lasifika

Ku saurari lasifikar masallaci ko ta wurin biki kafin mai magana ya buɗe baki. Sau da yawa ba shiru take ba. Ana jin wani ƙugi ƙasa-ƙasa, ba ya hawa, ba ya sauka. Wannan ƙugi na kuran ne, watau wutar lantarki. Yau za mu ga yadda ake auna shi, da yadda ake rage shi.

Mine ne sauti? Ku dubi tsirkiyar molo in an kaɗa ta. Za ku ga tana rawa. Rawar nan ce ke girgiza iska, iska kuma ta girgiza dodon kunnenmu. In abu yana rawa da sauri, sautinsa siriri ne. In a hankali yake yi, sautin ya yi kauri. Ma'aunin wannan rawa sunansa hertz. An ba shi sunan wani masani Bajamushe, Heinrich Hertz, wanda ya rayu daga 1857 zuwa 1894. Rawa ɗaya cikin daƙiƙa ɗaya, hertz 1 ke nan. Kunnen yaro yana jin sauti daga hertz 20 zuwa wajen hertz 20 000. Na tsoho ba ya kai nan.

Kuran na batir hanya ɗaya yake bi. Wanda ke shigowa gidaje ta waya kuwa kai da komowa yake yi, sau 50 cikin kowace daƙiƙa. Haka yake a Nijar da Najeriya da Faransa. A Amurka sau 60 ne. In ɗan kaɗan daga cikinsa ya saci hanya ya shiga wayar makirufo, amfili ba ya bambanta shi da murya. Sai ya ƙara masa ƙarfi, ya miƙa wa lasifika.

Kunne yana jin ƙugi, amma ba ya ba da lissafi. Wani ya ce ya ragu, wani ya ce yana nan. Awo ne ke raba gardama. A cikin kwamfuta akwai wani sashe da ake kira katin sauti. Shi ne ke karɓar abin da ya shigo ta ramin makirufo. Yana auna ƙarfinsa sau 44 100 cikin daƙiƙa, ko sau 48 000, ya mai da kowane awo lamba. Manhaja ce ke aiki da lambobin. Akwai wata ta kyauta mai suna Audacity, wadda ta fito a shekarar 2000. Tana iya ware sautin da ya gauraye, kamar yadda ake ware gero da dawa da wake in sun haɗu cikin ƙwarya ɗaya. Dabarar wannan lissafi ta wani Bafaranshe ce, Joseph Fourier, wanda ya buga littafinsa a 1822. Manhajar tana nuna zane: daga hagu zuwa dama yawan hertz, daga ƙasa zuwa sama ƙarfin sauti.

Ga gwajin da za ku yi tare da malam. A cire kwamfutar hannu daga caji, ta yi aiki da batir kaɗai. A sa waya cikin ramin makirufo, a bar ɗaya bakinta a sake. A ɗauki sauti na daƙiƙa 10. Sannan ɗayanku ya ɗora yatsa a kan ƙarfen bakin wayar, a sake ɗauka. Ku dubi zanen. In akwai wayoyin kuran cikin ajin, za ku ga wani tsini ya miƙe daidai kan 50. Jikin yaron ne ya zama eriya, ya jawo ƙugin. Sau da yawa ana ganin ƙannensa a kan 100 da 150. In da gurup ake ba ajin wuta, tsinin ba ya tsayawa wuri ɗaya, domin gudun injin yana hawa yana sauka.

Tsayin tsinin da desibel ake ƙirga shi. In ya sauka da desibel 6, abin da ke shigowa ya koma rabi. In ya sauka da 20, ya koma kashi ɗaya cikin goma. Amma ku kula: abu ɗaya ake canzawa a kowane gwaji, kuma ba a taɓa makunnin ƙara murya. In kun canza waya kuma kun rage murya, ba za ku san wanne ya yi magani ba.

Maganin farko shi ne nisa. A janye wayar makirufo daga wayar kuran da caja. In dole ne su haɗu, kada su tafi kafaɗa da kafaɗa, a gicciya su. Wayar ta zama gajera, mai sulke, watau wadda aka lulluɓe da saƙar tagulla a ƙarƙashin roba. In kwamfuta da amfili suna haɗe da waya, a jona su a piriz ɗaya. Manhaja ma tana iya goge hertz 50 bayan an ɗauki sauti, amma tana ɗan tafiya da kaurin ganga. Gara a tare ƙugin tun a ƙofa.

Wasu suna yanke wayar ƙasa ta amfili domin ƙugi ya tsaya. Wani lokaci yana tsayawa, amma wayar nan ce ke tsare mutum in kuran ya hau ƙarfen na'ura. Ba a yanke ta. Ba a kuma sa wayar katin sauti cikin piriz. Katin bai wuce ɗaukar bolt 1 ko 2 ba. Cikin piriz kuwa bolt 220 ne, yana kashe mutum.

Tambayoyi
1. Sau nawa kuran na gida ke kai da komowa cikin minti ɗaya?
2. An aiko muku da sauti mai ƙugi daga Amurka. A kan wace lamba za ku nemi tsinin?
3. Don mi ake cire kwamfuta daga caji kafin a soma gwajin?