Amsar Tambaya: Mai Kallo Ya Gyara Mini Aiki

Tambaya: Ni makanike ne a Madarumfa. Na saki bidiyon tada injin ban-ruwa, wani mai kallo ya ce ban zuba ruwa ba. In share maganarsa?

Amsa: Malam, kada ka share, ka sake ɗaukar bidiyon. Mutumin ya yi gaskiya. Injin nan sai an cika cikinsa da ruwa ake tada shi, in ba haka ba zoben da ke tare ruwa ya ƙone, yoyo ya biyo baya. Manomin Jiratawa da ya kwaikwaye ka, shi zai biya kuɗin gyara ana tsakiyar noman rani. Za ka ce karɓar gyara a bainar jama'a yana rage kwarjini. Ban yarda ba, domin masu kawo aiki sun fi sakin jiki da wanda ke karɓar gyara. Sai dai ka fara gwada kowane gyara a garejinka, don masu kallo ma suna kuskure.