Kafin A Ce Kambun Baka Ne, An Auna Idon?

Bismillahir Rahmanir Rahim. 

'Yan uwa, darasin yau daga cikin gidanmu na ɗauko shi, kuma sai da na nemi izinin mai labarin kafin in rubuta. Akwai laifina a ciki, zan faɗe shi in an zo wurin.

Gwaggona, ƙanwar mahaifina, tana zaune a nan Unguwar Dosa tare da ɗanta da matarsa. Kusan shekara biyu da suka wuce, cikin hunturu, idonta ya fara ƙaiƙayi da ja da zubar hawaye. Kowa ya ce ƙura ce. Aka aiki yaro kemis, ya dawo da 'yar kwalbar maganin ɗigawa. Kwana biyu ido ya yi fari tas. Da ta daina ɗigawa ciwo ya dawo, sai ta sake aike. Haka aka ɗore: kwalba ta ƙare, a ba yaro tsohuwar ya nuna a ba shi irinta.

Damina na sauka sai wasu abubuwa suka fara fitowa. Tana tuntuɓe da buta a tsakar gida da rana tsaka. Kafaɗarta tana bugun ƙyaure in za ta shiga ɗaki. Jika ya tsaya a gefenta da kwanon abinci, ba ta san yana wurin ba sai ya yi magana. Amma ga abin da ya ruɗa mu: tana sa tabarau ta karanta Alƙur'aninta mai manyan baƙi, har zare tana zirawa a allura. To wa zai ce mai zira zare makancewa take yi?

Nan fa kowa ya zama likita. Wannan ya ce yana ce ba ta nuna ba, a jira. Wancan ya kawo tozali daga Madina. Wata ta ce a ɗiga zuma. Har aka zo da labarin wani mutum da ke yawo yana soke yanar ido da ƙarfe, Allah Ya tsare ba a kira shi ba. Da duk aka rasa, sai aka koma kan kambun baka, daga kambun baka aka tsallaka zuwa sammu. Kun san kuma sammu ba ya zama babu mai shi. Ido ya koma kan matar ɗanta, yarinyar da ke yi mata wanki da girki. Gwaggo ta daina cin abincin hannunta. Auren ya fara rawa.

Aka kira ni, tunda ni ne malamin gida. Sunan mahaifinta gare ni, don haka Babana take ce mini. Ta ce, "Babana, ka yi mini addu'a, abin nan ba na asibiti ba ne." Na yi mata ruƙya, na koya mata azkar na safe da yamma, na yi nasiha a kan zato. A bakin ƙofa ina sa takalmi na ce, "Gwaggo, a leƙa asibiti ma." Sau ɗaya na faɗa, a tsaitsaye, ban ɗauke ta na kai ta ba. Wata takwas suka wuce a haka. Laifina ke nan.

Kada wani ya fahimce ni a baibai. Kambun baka gaskiya ne, hadisin yana cikin Bukhari da Muslim. Ruƙya sunna ce, har gobe ina yi wa Gwaggo. Abin da nake ja a kansa shi ne mu ne muke raɗa wa cuta suna ba tare da ilimi ba, sannan mu gina hukunci a kan sunan da muka raɗa.

Ku duba hadisin Jabir a Sahihu Muslim, wanda ma'anarsa ita ce kowace cuta tana da magani, kuma waraka tana zuwa da izinin Allah a lokacin da magani ya dace da cutar. Mun haddace rabin farko, mun yi watsi da sharaɗin da ke rabi na biyu, wato dacewa. Ibnul Ƙayyim ya tsaya a kan wannan sharaɗi a Zadul Ma'ad, ya nuna cewa magani in ya saɓa wa cutar ko ya wuce gwargwado yana iya haifar da wata cutar dabam. Ta yaya magani zai dace da cutar da ba a san ko mece ce ba? Neman sanin cutar ashe yana cikin neman maganin da aka umarce mu da shi.

A Muwaɗɗa kuma Imam Malik ya kawo daga Zaidu bin Aslam cewa wani mutum ya ji rauni, aka kira mutum biyu daga Banu Anmar, sai Manzon Allah (SAW) ya tambaye su wane ne ya fi sanin likitanci a cikinsu. Riwayar mursal ce, amma malamai sun ɗauki fiƙihunta: a nemi wanda ya fi ƙwarewa. Wanda wahayi ke saukar masa ya tambayi gwani, mu kuma muna aiken yaro da tsohuwar kwalba. Abu Dawud ma ya ruwaito cewa wanda ya yi wa mutane magani alhali ba a san shi da ilimin likitanci ba, to shi ke da alhakin ɓarnar da ta biyo baya. Wannan ya hau kan mai ba da maganin da bai san aikinsa ba, kuma ina jin tsoron ya taɓa mu masu cewa "ɗiga kaza, ni ma shi na ɗiga."

Likitancin ido ma ba baƙon abu ba ne a wurin Musulmi. Kimanin shekara dubu da suka wuce Ali bin Isa ya rubuta Tazkiratul Kahhalin a Bagadaza, Ammar al-Mausili kuma yana zuƙe yanar ido da allura mai rami a Masar. Ba su ga wannan ya ci karo da tawakkali ba.

Ranar da Gwaggo ta faɗi a bakin kwata ta fasa goshi, ranar na daina lallashi. Washegari da sassafe muka hau Keke Napep zuwa Kawo, daga nan muka wuce Mando, Cibiyar Kula da Ido ta Ƙasa. Asibitin Gwamnatin Tarayya ne da aka kafa da dokar 1979, ido kaɗai aikinsa. Mutane na tasowa daga jihohi masu nisa su kwana a hanya don su zo shi, mu kuwa da ke kusa da shi mun yi shekara biyu muna zagaye. Abin kunya ne, wallahi.

Wani abokina ma'aikacin jinya ya ce mu tafi da duk kwalaben da ta taɓa ɗigawa, har waɗanda suka ƙare. Wannan shawarar ta yi rana. Aka sa ta karanta allo, aka auna ƙarfin matsin da ke cikin idon, aka ɗiga mata maganin da ke buɗe ƙwayar ido aka haska har can ciki aka duba jijiyar gani. A wani zuwan aka sa ta kafa kai a wata na'ura, ta riƙa danna maɓalli duk lokacin da ta ga ɗigon haske, don a gane iyakar abin da take gani ta gefe. Aka auna suga da hawan jini.

Sakamako: gulukoma, wadda muke kira hawan jinin ido. Sunan ma yana ɓatar da mutane, don ba jini ba ne. Wani ruwa ne da ido ke samarwa a cikinsa kullum yana fita ta wasu ƙananan hanyoyi. In fitar ta ragu sai matsi ya taru ya riƙa kashe jijiyar gani a hankali. A mafi yawan mutane awon yana tsakanin 10 da 21, na Gwaggo ya haura 30. Yawanci babu zafi. Tana fara cin gani ne daga gefe, tsakiya ce ƙarshen tafiya. Shi ya sa take zira zare amma ba ta ganin buta.

Likitan ya ɗaga ɗaya daga cikin kwalaben ya ce akwai sinadarin sitiroyid a ciki. Yana kwantar da ja da ƙaiƙayi nan take, amma in aka daɗe ana ɗigawa ba tare da kulawar likita ba yana ɗaga matsin ido a wasu mutane. Bai ɗora komai a kan kwalbar ba. Ya ce mai yiwuwa da ma cutar tana tafe, maganin ya ƙara mata gudu. Sai ya faɗi maganar da har yau take yi mini nauyi: abin da jijiyar ta rasa ba ya dawowa. Yana ana cire ta mutum ya gani, wannan kuwa sai dai a tsare abin da ya rage. Idon hagu ya tafi sosai. Na dama, Alhamdulillah, an same shi da sauran gani mai kyau. Ban tambaye shi me za a tsira da shi da mun zo wata takwas baya ba. Na san amsar.

Kuma ba gidanmu kaɗai ba ne. Binciken makanta na ƙasa da aka yi a Najeriya tsakanin 2005 da 2007 ya nuna yanar ido ce kan gaba wajen makantar da masu shekara 40 zuwa sama, gulukoma tana bi mata, kuma fiye da kashi 80 cikin 100 na makantar abu ne da ake iya karewa ko magancewa.

Sai mas'alar da Gwaggo ta fara tambayata tun muna kan hanyar gida: azumi fa? An ce ta riƙa ɗiga sabon maganin kullum a kan lokaci, ba fashi, watakila har ƙarshen rayuwa. A mazhabar Malikiyya, abin da aka sa a ido in ya isa maƙogwaro yana karya azumi. Ibnu Taimiyya yana ganin tozali ba ya karyawa, kuma Majalisar Fiƙihu ta Duniya a zamanta na Jidda a 1997 ta sa maganin ɗigawa a ido cikin abubuwan da ba sa karya azumi, matuƙar mutum bai haɗiye abin da ya sauko maƙogwaro ba. Wannan nake rinjayarwa. Mai son fita daga saɓani yana da hanya: ya tambayi likita ko za a iya mayar da ɗigawar lokacin sahur da bayan buɗa-baki, kuma in ya ɗiga ya rufe ido ya danne kusurwar da ke jikin hanci da yatsa na minti biyu, don nan ce hanyar da maganin ke bi ya sauka maƙogwaro. Abin da bai halatta ba shi ne mutum ya ajiye maganin wata guda da sunan ibada, ya wayi gari ranar Sallah ya yi asarar ganin da ba zai dawo ba.

Matar ɗanta kuwa, ita ce yanzu take riƙe da agogon maganin, ita ke ɗiga mata safe da dare. Na tara gidan na ce duk wanda bakinsa ya shiga maganar sammu ya nemi yafiyarta, don zato ne aka yi mata a kan abin da ba ta ji ba ba ta gani ba. Wasu sun nema. Wasu har yanzu suna sunkuyar da kai in sun haɗu da ita.

Likitan ya ce cutar tana bin jini, don haka 'yan uwanta na ciki ɗaya da 'ya'yanta su zo a auna su ko da ba sa jin komai. Baba ya ce shi idonsa ƙalau, yana karanta jarida ba tabarau. Na ce masa, "Baba, Gwaggo ma tana zira zare." Mun yi da shi ranar Talata bayan sallar asuba zan zo in ɗauke shi. Ku sa mu a addu'a.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya. Wallahu a'alam.