Me ya sa rezo ke gudu a ƙofar gida, ya ja ƙafa a cikin ɗaki?

Tambaya: Malam, a tsohon garin Agadas nake, kusa da babban masallaci. A ƙofar gida bidiyo na buɗewa nan take, amma da na shiga ɗaki ko hoto ba ya sauka. Kamfani ne ke cutata?

Amsa: Ɗan'uwa, kafin ka zargi kowa, ka san cewa wayarka da antenar kamfani, Airtel ne ko Moov ko Zamani, ciniki suke yi ba tsayawa. A tsarin 4G, waya kan auna tsabtar siginar da ke iso mata, ta ba ta maki daga 1 zuwa 15, ta shaida wa antena. Ita kuma antena tana iya sauya rabon hanya sau dubu a daƙiƙa guda. In sigina ta yi kyau, kowane ɗigon saƙo yana ɗaukar bit 6. In ta raunana, sai a sauko zuwa 4, ko 2, a ƙara bayanan gyaran kuskure. Haka madugun ayarin Bilma ke rage wa raƙumin da ya gaji kaya, don gishiri ya isa gida. Da ba a rage gudun ba, da layin ya yanke gaba ɗaya.

Katangar ƙasa mai kauri da ke tsare ka daga zafin bazara, ita ce ke shanye siginar, ƙofar ƙarfe kuma ta ƙara tare ta. Sandunan da kake gani a fuskar waya ƙarfin sigina kawai suke nunawa, ba sa faɗa maka mutum nawa kuke rabon antena ɗaya. Shi ya sa bayan magariba, ko lokacin bikin Bianu, da masu amfani da layi suka yi yawa, komai ke tafiyar hawainiya ko a tsakar gida.

Ga abin yi. Ka ajiye waya a bakin taga ko a tsakar gida, ka buɗe rabon intanet, ka yi aiki da wata wayar daga ciki. Mai shago ko ofis ya sa antenar waje bisa soro. A ganina wannan ya fi sauya layi amfani. Manyan abubuwa ka sauke su da asuba. Ka rage ingancin bidiyo da kanka zuwa 360, kuma kada ka bar waya a rana, don in ta yi zafi ita ma tana rage aiki.

In kuwa a fili, da asuba, har yanzu ba gudu, to matsalar ba daga katangarka take ba. Ka kai ƙorafi ofishin kamfanin, in ba a duba ba ka nufi ARCEP, hukumar da ke sa ido kan kamfanonin sadarwa.